Amaryar da Ta Gaji da Murmushi

Hajiya Maijidda ba ta iya kira a hankali ba. In ta tsaya a tsakar gidanta na Safana ta ce "Amarya!" har kajin maƙwabta sai sun ɗaga kai. Safiyar nan ma haka ta yi, tana gyara ɗaurin sabuwar atamfarta, tana gaya wa matar autanta cewa ta yi sauri, yau suna ne a gidan ƙanwarta Turai, kuma ita ba ta son su isa a ce sun zo cin sauran waina.

Bushira tana ɗaki a gaban madubi. Kwalliya kam ta gama tuni, murmushi take gwadawa. Ta buɗe baki kaɗan, ta ga ya yi yawa, ta rage. Ta maimaita gaisuwar da za ta yi wa tsofaffi a zuciyarta, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali, ta tuna wa kanta cewa in mata sun yi dariya ita ma ta yi, ko ba ta gane abin dariyar ba. Sannan ta tura hannuwanta ƙarƙashin gyale ta matse babban yatsanta da ƙarfi, don kada jikinta ya fara abin da yake so. Kanta kuwa tun asuba yake sarawa.

Ba yau ta fara wannan aiki ba. A rugarsu ta wajen Ruma aka haife ta, kuma a can babu wanda ya taɓa cewa tana da wani abu. Yarinya ce mai shiru, ba ta son hayaniya, ba ta kallon idon mutane, to wa zai zargi ɗiyar Fulani da kunya? Tana da ɗabi'ar yin gaba da baya da jikinta in ta zauna, tana ɗan gunguni a maƙoshi, amma mahaifiyarta Asta sai ta ɗora mata goran nono a cinya. Shi ke nan, jijjigar ta zama aiki. Bushira ta yi ta kaɗawa har man shanu ya taso, hankalinta kwance, kowa na yabon ta da ƙwazo. Shanun gidan kuwa ta san su ɗaya bayan ɗaya, da uwar kowace da kakarta.

Da ɓarayin daji suka kore garken, iyalin suka tattara abin da ya rage suka koma cikin Batsari. Babu shanu, babu nono, babu gora. Jijjigar ta rage tsirara, matan gidan haya suka fara ƙus-ƙus cewa yarinyar nan ko tana da iska. Asta ta tsorata, tsoron uwa mai ganin ɗiyarta za ta rasa mijin aure. Ta zaunar da ita ta koya mata komai, da lallashi da mintsini: yadda ake zama kamar an dasa mutum, yadda ake kallon goshin mutum ya ɗauka idonsa ake kallo, yadda ake murmushi. Bushira mai kai ce, ta haddace tsaf. Abin da Asta ba ta sani ba shi ne nauyin da ta ɗora mata.

Abdulhakim, autan Hajiya Maijidda, a shagonsa na maganin dabbobi ya fara ganin ta, ranar kasuwar Batsari. An aike ta sayen maganin akuya, sai idonta ya faɗa kan hoton shanu da ke jikin kalandar shagon. Yarinyar da ba ta haɗa magana biyu da baƙo sai ga ta tana bayanin bambancin bunaji da rahaji, da wadda ta fi nono, da wadda ta fi jure fari, ta manta da akuya, ta manta da kunya. Shi kuma gogan naka ya bar masu saye a tsaye ya saki baki. Daga ranar ya ƙirƙiri dalilin bi ta ƙofar gidansu. In ya zo zance ba sai ya yi wahalar neman kalaman soyayya ba, saniya kawai zai ambata, hira ta ɓarke. Ta so shi, so na gaskiya, don shi kaɗai ne bai taɓa ce mata ta ɗago ido ba.

Iyaye ba su ja ba, aka ɗaura aure aka kai ta Safana. Nan fa Hajiya Maijidda ta samu abin nunawa. Surukar da ke durƙusawa har ƙasa, ba ta tsallake ko gaɓa ɗaya a gaisuwa, fuska kullum a sake, ina za ka samu irinta a 'yan matan yanzu? Hajiya kuwa mace ce ta jama'a, ba a yin biki ko suna ko ta'aziyya daga Safana har Zakka ba a gan ta ba. Sai ta riƙa jan Bushira duk inda za ta, tana cewa ga ɗiyata, son kowa ƙin wanda ya rasa. Wallahi da zuciya ɗaya take yi, ƙauna ce zalla.

Amma in suka dawo gida, Bushira sai ta shige ɗaki ta saki labule ta zauna a ƙasa. Murmushin ya zube. Magana ta ƙare mata ƙaf, kamar randar da aka kwashe ruwanta. Abdulhakim ya dawo daga shago da tsirensa a takarda, ya yi sallama da fara'a, ya samu mace zaune shiru, ba ta ko iya tambayarsa gajiya. Ita a ranta wannan ne lokacin da ta fi so a duk yinin: yana kusa, ba sai ta yi komai ba. Ba ta san cewa shi wani karatun yake yi ba. Mutane sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuma fuskar da yake gani a ɗakinsa babu komai a kanta.

Ya daure, ya daure, ran nan dai ya faɗa. Ya ce, "Bushira, duk Safana ta san haƙoranki, ni kaɗai ne ban san su ba. In ba ki sona ki faɗa mani."

Amsar tana nan cike da ƙirjinta, amma ta rasa ƙofar fita. Ta sunkuyar da kai hawaye na zuba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Tun daga nan ya rage zama a gida. Ita kuma barci ya gudu, abinci ya daina shiga, ta rame, kuka ya riƙa zuwa mata babu dalili. Wani lokaci in gari ya waye sai ta ji da ma bai waye ba. Hajiya da ta ga rama da ƙin abinci sai ta hau washe baki tana dafa mata kunun tsamiya, a zatonta jika ne ke hanya.

To a cikin wannan hali aka tafi sunan gidan Turai. Gidan ya cika ya batse. An kafa lasifika a ƙofa tana dukan ƙirji, yara na tsere, turaren wuta ya haɗu da hayaƙin suya, mata na magana gaba ɗaya babu mai sauraron wani. Bushira ta bi layin tsofaffi tana zuba gaisuwa yadda ta haddace, yatsanta a matse har ya yi tsami. Tana cikin lissafin saura wa da wa, sai Turai ta rungumo ta ta baya don murna, ta kafa baki daidai kunnenta ta rangaɗa guɗa.

Abin da Bushira ta shekara da shekaru tana dannewa ya ƙwace. Ta toshe kunnuwa, ta sulale ƙasa, ta hau gaba da baya da jikinta tana wani irin nishi, a gaban matan Safana kaf. Aka yi cirko-cirko. Da aka kwashe ta zuwa gida, muryarta ta tafi gaba ɗaya.

Hajiya ta ce baki ne, yabo ne ya yi wa yarinya yawa, ta sa aka yi addu'o'i aka turara ɗaki. Sai kuma ga abin da ya fi guɗar muni, wato 'yan dubiya. Mace mai jama'a irin Hajiya, ai dole gari ya zo. Daga safe har yamma ɗakin Bushira a cike, wannan ta taɓa goshinta, waccan ta leƙa fuskarta tana sannu, sannu, kowace da labarin wata da ta taɓa yin irin haka. Zumunci suke yi, Allah ya ba su lada, amma kowace sallama kamar ƙarin dutse ce a kan ƙirjin yarinyar. Tana son ta tashi ta gaishe su yadda ya kamata, jiki ya ƙi, harshe ya ƙi.

Turai ce ta fara faɗin abin da wasu ke rayawa, cewa wannan ba baki ba ne, tsohon ciwo ne aka ɓoye musu, gara a sallame ta tun babu rabo. Aka aika Batsari. Asta ta iso a kan babur, fuskarta a rufe da mayafi don kunya. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta durƙusa gaban Hajiya ta ce a yi haƙuri, za ta tafi da ɗiyarta. Kowa a tsakar gidan ya san irin wannan tafiya, ba a dawowa daga ita. Hajiya ta yi ta share hawaye. Aka juya ga Abdulhakim, ya ce da murya ƙasa-ƙasa shi ba zai riƙe wadda zamansa ke sa ta ciwo ba, amma a bar shi ya tambaye ta da bakinsa.

Duk wannan Bushira na ji ta taga. La'asar ta yi, ɗakin ya zama babu kowa karon farko tun ranar suna. Ta jawo matashin kai ta ɗora a cinya, ta rungume shi kamar gora, ta fara kaɗawa tana gunguninta na ruga. Ba ta ji shigowarsa ba. Da ta buɗe ido ta gan shi tsaye, sai tsoro ya yi mata abin da magani bai yi ba. Ta yar da matashin, ta miƙe zaune, ta ja murmushin nan na madubi ta ɗora a fuska. Murya ta fito a dishe: sannu da zuwa, ina gajiya, ya aiki, ya jama'a.

Abdulhakim ya tsaya yana kallon ta. Ga murmushin da ya yi wata da watanni yana kishi, yau an ba shi, kuma bai taɓa ganin abin tausayi irinsa ba. Idanunta kamar na wadda aka kama da sata. Ya zauna a ƙasa, ɗan nesa da ita, ya ce ta daina, don Allah ta daina, shi ba baƙo ba ne.

Can ta fara magana, tana kallon tabarma, kalma na fitowa da ƙyar.

"Yaya, wannan na baƙi ne. Koya mani aka yi. In na yi shi, ji nake kamar na yini ina ɗauke da buhun gero a ka. In na dawo ɗakin nan na gan ka, sai in sauke. Wurinka kaɗai nake saukewa. Na ɗauka ka sani."

Wayyo, Abdulhakim. Abin da ya ɗauka ƙiyayya ashe shi ne rabonsa mafi tsada a wurinta. Ya rufe fuska da hula ya yi kuka kamar yaro. Da ya natsu sai ya ɗauko matashin da ta yar, ya mayar mata a cinya, ya ce ta ci gaba da abin da take yi. Ta dube shi a tsorace. Ya gyaɗa mata kai. A hankali ta fara, shi kuma yana zaune, har numfashinta ya daidaita.

Da ya fito ya gaya wa Asta, cikin ladabi, cewa matarsa ba ta zuwa ko'ina. Sannan ya juya ga mahaifiyarsa ya roƙi abin da ya fi wannan wuya, wato a dakatar da 'yan dubiya. Nan Hajiya ta tashi. Ita za ta tsaya a ƙofa ta mayar da mutanen da suka tako don zumunci? Me za a ce da ita a garin nan? Ita da ba ta taɓa rufe wa kowa ƙofa ba tun da aka kawo ta gidan? Ta yi faɗa har ɗankwalinta ya zame. Auta bai ɗaga murya ba, ya ce to ta yi masa alfarma ɗaya, su je Katsina a ga likita tukuna. Hajiya ta ce za a je, kuma ƙafarta ƙafarsu, don ba a yin komai a bayan idonta.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ba a zama ɗaya ta gama ba, sai da suka yi ta komawa, ta saurari Bushira ita kaɗai, ta kuma yi wa Asta tambayoyi a kan yarintarta. Daga ƙarshe ta tara su ta ce abin da Bushira ke da shi ana kiransa otizim, kuma ba iska ba ne, ba baki ba ne, ba hauka ba ne. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarta: ƙara da cunkoso da yawan taɓawa suna shigar ta fiye da yadda suke shigar sauran mutane, jijjigar nan kuma ita ce hanyar da jikinta ke kwantar da kansa. Ta ce wannan ba shi ne ya kwantar da ita ba. Abin da ya kwantar da ita shi ne ɓoyewar, shekaru tana kwaikwayon wata don a karɓe ta, har ƙarfinta ya ƙare, damuwa mai tsanani ta shige ta. Damuwar ana maganinta, kuma za a fara, amma in aka mayar da ita ga ɗaukar kayan da ya karya ta, magani ba zai yi aiki shi kaɗai ba.

Asta ta sunkuyar da kai tana kuka, tana cewa ita gata ta so yi mata. Likita ta ce ta sani, kuma babu uwar da za ta zarge ta.

A hanyar dawowa aka ga abin al'ajabi: daga Katsina har Safana Hajiya Maijidda ba ta ce uffan ba. Direban ma sai da ya waiwayo ya duba ko lafiya. Da suka sauka ta ja Asta gefe, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, Asta na nuna mata wani abu da hannu biyu a kan cinya.

Washegari Bushira na ɗaki ta ji sallamar mata a zaure. Sai ta ji muryar Hajiya, wannan karon a hankali, tana godiya tana sa albarka, tana cewa amarya na hutawa, za ta isar da gaisuwa. Turai ta ce au, yanzu kuma suruka ce ke mulkin gidan? Hajiya ta ce mata kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, tata zabuwar haka zanenta yake, wanda bai iya kallo ba ya kau da kai. An yi surutu a gari kam, har wasu suka ɗan ja baya da ita. Abin ya yi mata zafi, don ita mace ce da ke rayuwa da mutane, amma ba ta janye ba.

Ranar kasuwa ta fita ita kaɗai. Da ta dawo ta tsaya a ƙofar ɗakin Bushira, ta buɗe baki za ta ƙwala kira yadda ta saba, sai ta tuna, ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ta shigo riƙe da sabon gora, an wanke shi an cika da nono, ta ɗora mata a cinya.

Ta ce, "Ɗiyata, an ce kin iya. Ni kuma tuwona ya daɗe bai ga man shanu na kirki ba. Na yi ta yawo da ke ina nuna wa duniya, ban taɓa tambayar ki ko kin gaji ba. Ki yafe mani."

Bushira ta rungume goran, sanyinsa ya ratsa tafin hannunta, ƙamshin nono ya kai ta Ruma. Ta fara kaɗawa, gaba da baya, a gaban surukarta, babu ɓoyo. Hajiya ta zauna kusa da ita ta kama bakinta gam, wanda a wurinta ya fi azumin bazara wuya.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. An sha magani, an yi ta komawa Katsina, akwai ranakun da labule ke sauka har yamma. Amma barci ya dawo, kumatu suka ciko. Yanzu Bushira ke zaɓen taron da za ta je, ta gaisa da mutane gwargwadon ƙarfinta, in ta ji ya isa ta taɓa hannun Hajiya su taso, kuma duk mai son rangaɗa guɗa ta san ta matsa nesa. Abdulhakim ya sayo 'yar karsana bunaji ya ɗaure a bayan gida. Da yamma in ya dawo ya same ta shiru, sai ya zauna su yi shirun tare. In kuma tsokana ta motsa masa, sai ya ce shi fa har yanzu yana ganin rahaji ta fi bunaji nono. Nan take za ta ajiye gora ta hau shi da bayani, har ta gane da gangan yake yi, dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a gwadawa a madubi.

Rai dangin goro ne, hutu yake so. Sau da yawa wanda muka fi yabo da fara'a shi ne ya fi kowa gajiya a cikinmu, kuma haƙurin da ke kawo riba ba na mai ɗauke da kaya kaɗai ba ne, har da na waɗanda za su zauna su saurara su taya shi saukewa. In Allah ya haɗa ka da wanda ke iya yin shiru a gabanka ba tare da tsoro ba, kada ka ce ba ya sonka. Abdulhakim ya kusa sakin matarsa a kan haka, yau kuwa shi kaɗai ne a Safana ya san haƙoranta na gaskiya.